Hazon Hunturu da Ƙaramin Jirgi: Yadda Wani Matuƙi Ya Rasa Mahaɗar Sama da Ƙasa

Matuƙin da jirginsa

Wanda abin ya faru da shi ba tuƙin jirgi ne sana'arsa ba. Ma'aikaci ne da ya koyi tuƙi don sha'awa, ya samu lasisin matuƙi mai zaman kansa, yakan kuma ɗauki hayar jirgi a wani kulob ranakun hutu. A cikin shekara shida ya tara awa 140 a sama, kusan dukkansu da rana tsaka, cikin yanayi mai kyau. Lasisinsa na tuƙi da ido ne, wato dole ya riƙa ganin ƙasa da abin da ke gabansa. Ba shi da shaidar tuƙi da na'urori kaɗai, irin wadda ke ba mutum damar shiga gajimare. Iyakar abin da ya taɓa yi a wannan fanni shi ne 'yan awoyin da ake tilasta wa kowane ɗalibi. A Amurka, misali, awa 3 ne cikin mafi ƙarancin awa 40 na koyo. Tun da ya karɓi lasisi bai sake gwadawa ba.

Jirgin Cessna 172 ne, mai inji ɗaya da kujera huɗu, samfurin da ya fara shiga kasuwa a 1956 kuma har yau da shi ake koya wa ɗimbin ɗalibai tuƙi. Yana gudun kimanin kilomita 200 a awa. Wannan ba shi da na'urar tuƙa kai, amma yana da na'urar da ke nuna karkatar fikafikai da ɗagawar hanci, da ma'aunin tsayi, da ma'aunin gudu, da rediyo. Matuƙin yana ɗauke da kwamfutar hannu mai taswirar GPS a kan cinyarsa.

Shirin mai sauƙi ne: wata Asabar a watan Janairu zai ɗauki ƙaninsa, wanda bai taɓa shiga ƙaramin jirgi ba, su tafi wani fili mai nisan kilomita 170 arewa maso gabas, su huta, su dawo kafin rana ta faɗi, wadda ke faɗuwa da misalin ƙarfe 5:00. Kusa da gida hanyar ta ratsa ta kan wani babban tafki mai faɗin kilomita 12.

Kwanakin da suka gabata da safiyar ranar

Kwana huɗu ke nan iska ta kwanta a yankin. Babu ruwa, babu gajimare, dare kuma da tsananin sanyi. A al'ada, duk ƙafa 1,000 da aka hau sama zafi kan ragu da kusan digiri 2. Amma a dogayen dararen hunturu, idan sama ta yi garau, ƙasa kan zubar da ɗuminta da sauri, iskar da ke kusa da ita ta yi sanyi ta yi nauyi, iska mai ɗan ɗumi kuma ta zauna a samanta kamar murfin tukunya. Hayaƙin motoci da na masana'antu da na ɗumama gidaje, da ƙura, duk ba su da hanyar fita. Kullum sai su ƙaru. Wannan shi ne busasshen hazon da rahoton yanayi na filayen jirgi, wanda ake kira METAR, ke nunawa da haruffan HZ.

Da ƙarfe 9:00 na safe rahoton filin da ke kusa ya nuna ana iya hangen kilomita 8, da hazo, babu gajimare, iska ba ta motsi. Hasashen yamma ya ce kilomita 6. Ƙa'idar hukumar sufurin jiragen sama ta duniya, ICAO, ga mai tuƙi da ido a ƙasa da ƙafa 10,000 ita ce kilomita 5. A Amurka, a yawancin sararin da ake kula da shi, mil 3 ne, kusan daidai da haka. Ya duba lambobin, ya ga duka biyun sun haura ƙa'ida, ya yanke shawarar tafiya.

Raɓa ta daskare a kan fikafikan cikin dare. Bai yi wasa da wannan ba, domin ƙanƙara ko siririya ce tana ɓata yadda iska ke bin fiffike. Ya jira rana ta narkar da ita, ya goge, ya taɓa da hannu. Jiran ya ci masa awa ɗaya da rabi, sai 11:30 suka tashi maimakon 10:00.

Tafiya: 11:30 zuwa 12:25

Tafiyar ba ta ba da wata wahala ba. Sun hau ƙafa 3,500, rana tana bayansu ta hannun dama, ana ganin tituna da garuruwa sosai, sai dai launinsu ya dishe. Iska lumui, ko girgiza babu, wanda shi ne halin irin wannan rana. Matuƙin ya lura cewa layin da sama ke haɗuwa da ƙasa bai fito sarai ba, ya zama wani faffaɗan toka-toka, amma bai hana shi daidaita fikafikai ba. Ƙanin ya yi ta ɗaukar hoto. Suka sauka lafiya.

Sun yi niyyar juyowa da 2:00. Hira da wasu matuƙa da jiran mai zuba mai suka kai su 3:25. Kafin tashi ya sake duba rahoto: kilomita 6, hazo, zafi digiri 6, ma'aunin da raɓa ke fara sauka digiri 2. Mai a tanki ya isa awa uku, tafiyar kuma ba ta kai awa ɗaya ba.

Dawowa, yunƙuri na farko: bin ƙasa-ƙasa

Da suka juya hanci kudu maso yamma, rana ta tsaya musu a gaba, ta yi ƙasa sosai kamar yadda take yi a hunturu. Gilashin gaba ya cika da wani farin haske mai ruwan ɗorawa. Ta tagogin gefe da ta baya ana ganin ƙasa, ta gaba kuwa babu komai.

Dalilin sananne ne. Ƙananan ƙwayoyin hayaƙi da ƙura sun fi watsa haske ta fuskar da yake tafiya, don haka wanda ya fuskanci rana shi ne ke shan hasken a ido. Ga kuma wani abu: kilomita 6 ɗin da ke cikin rahoto a ƙasa aka auna shi, a kwance, a fili guda. Matuƙi kuwa yana leƙen ƙasa ne a karkace daga sama, idonsa na ratsa kaurin hazon gaba ɗaya. Daga baya ya ƙiyasta cewa abin da yake iya gani a gabansa bai wuce kilomita ɗaya da rabi ba.

Ya tsaya a ƙafa 2,500 yana bin wani babban titi ta tagar hagu. Ya sa tabarau, ya sauke makarin rana, duk ba su yi wani amfani ba. Ƙananan ƙarce-ƙarcen da ke jikin gilashin ma ƙara watsa hasken suka yi. Bayan minti goma ya ga dabarar ba za ta kai shi ba. Taswira ta nuna dogayen turakun sadarwa a gaba, kuma ya san ba shi kaɗai ne ke komawa gida a wannan lokaci ba. Jirage biyu masu gudun kilomita 200 idan suka fuskanci juna, suna cinye kilomita ɗaya da rabi cikin daƙiƙa 13 zuwa 14. Hukumar jiragen sama ta Amurka, FAA, ta ƙiyasta cewa matuƙi na buƙatar kimanin daƙiƙa 12.5 daga hango jirgi zuwa kauce masa. Ga shi kuma ido, idan bai samu abin kallo a nesa ba, yakan saki ya tsaya a kan tazarar mita 3 zuwa 9, mutum na zaton yana duba nesa alhali ba ya ganin komai.

Yunƙuri na biyu: hawa saman hazon

Da 3:38 ya ƙara totur ya fara hawa. A wajen ƙafa 5,000 suka ɓulla sama, kan ka ce kwabo duniya ta canza: sama shuɗiya tas, saman hazon ya kwanta shimfiɗe, ya ba shi layi madaidaici da zai daidaita fikafikai da shi. Ya tsaya a ƙafa 6,500, tsayin da ya dace da mai tuƙi da ido da ya nufi yamma. Ma'aunin zafin waje ya nuna nan sama ya fi ƙasa ɗumi.

Hankalinsa ya kwanta. Ta fuskar riƙe jirgi da hango wasu jirage, hawan ya yi aiki. Abin da bai warware ba shi ne sauka. Daga can sama ƙasa ba ta ganuwa sai ɗan da'irar da ke ƙarƙashinsu kai tsaye, kuma filin gida yana nan a ƙarƙashin hazon, titinsa gajere, babu fitilu. Lambar titin 23 ce, ma'ana yana fuskantar digiri 230, kusan daidai inda rana take. Bai kira kowa a rediyo ba, bai kuma nemi sabon rahoton yanayi ba a cikin minti ashirin ɗin da ya yi a sama cikin natsuwa.

4:02 zuwa 4:07: a kan tafki

Saura kilomita 40 ya rage totur ya fara gangarowa, ƙafa 500 a minti. Da 4:05 ya nutse cikin hazon, daidai lokacin da gaɓar tafkin ta wuce ta ƙarƙashinsu. Ruwan ya kwanta, ya ɗauki launin hazon, hasken rana na tashi daga kansa. Sama, ƙasa, gaba da gefe duk suka zama abu ɗaya. Ba ya cikin gajimare, amma babu ko abu ɗaya a waje da zai nuna masa ina ne sama.

A nan ya sunkuyar da kai kan kwamfutar hannu yana neman lambar rediyon filin gida. Hasken rana ya sa allon ba ya karantuwa, ya ɗauki lokaci yana karewa da hannu. Bayanan GPS da aka duba daga baya sun nuna cewa a wannan tsakanin jirgin ya fara karkata hagu sannu a hankali.

Bai ji komai ba, kuma ba zai iya ji ba. A cikin kunnen ɗan Adam akwai wasu ƙananan bututu uku masu ruwa da ke sanar da ƙwaƙwalwa idan kai ya juya. Juyin da bai kai kimanin digiri 2 a daƙiƙa ba ba sa kama shi. Idan kuma juyi ya ɗore na daƙiƙa 10 zuwa 20, ruwan kan daidaita da bututun, sai jiki ya ce an miƙe alhali ana kan juyawa. A ƙasa ido ke gyara wannan kuskure ba tare da mun sani ba. A 1954 Jami'ar Illinois ta gwada matuƙa 20 da ba su da horon tuƙi da na'urori, aka tsare musu ganin waje a cikin jirgi: dukkansu jirgin ya ƙwace musu, a matsakaicin lokaci na daƙiƙa 178. Haka nan hukumar binciken haɗurra ta Amurka, NTSB, ta danganta faɗuwar jirgin John F. Kennedy Jr. a teku kusa da tsibirin Martha's Vineyard, ranar 16 ga Yuli 1999, da wannan ruɗewar jiki, a daren da hazo ya shafe mahaɗar sama da ruwa.

Ƙanin ne ya fara magana: "Yaya, ƙarar iskar nan ta ƙaru fa."

Ya ɗago. Allurar gudu ta taɓa yankin rawaya, ma'aunin tsayi na zuba ƙasa. Abin da ya fara yi shi ne jawo sitiyari, domin jikinsa na gaya masa fikafikai a daidai suke, hanci ne kawai ya sunkuya. Wannan bai yi aiki ba: nauyi ya danna su cikin kujera, gudu bai ragu ba. Jirgin da ya karkata idan aka ja shi, juyin ne ke ƙara matsewa, gangarowar ta ƙaru. Sai idonsa ya faɗa kan na'urar karkata, ya ga digiri 35 zuwa hagu. Ya tuna jerin da malaminsa ya sa shi maimaitawa shekara shida baya: rage totur, daidaita fikafikai, sannan a ɗaga hanci a hankali. Ya bi su ɗaya bayan ɗaya.

Da fikafikan suka daidaita a na'ura, sai jikinsa ya rantse masa cewa yanzu ne suka karkata dama. Hannunsa na son mayar da sitiyari hagu. Ya yi ta maza ya kafe ido a kan na'urar, har ya jingina kafaɗarsa da ƙofa saboda tsananin abin da yake ji. Ya ce wa ƙanin ya yi shiru, ya karɓi kwamfutar ya riƙe. Sun rasa ƙafa 600, hancin jirgin kuma ya kauce da kusan digiri 70 daga hanya.

Abin da ya yi aiki: 4:07 zuwa 4:34

Kaucewar ta zo da wani abin da bai yi tsammani ba. Rana ta koma hannun damansa, kuma ta gilashin gaba ya fara hango duhun gaɓar tafkin. Hazon bai ragu ba, fuskar da yake kallo ce ta canza. Ya ci gaba da juyawa hagu da gangan, a ma'aunin da aka koya masa na digiri 3 a daƙiƙa, wanda ke juyar da jirgi baya cikin minti ɗaya, idonsa a na'ura, har rana ta koma bayansa. Gonaki da tituna suka dawo.

Sai a lokacin ya kira mai kula da zirga-zirgar jirage na yankin. Ya furta "pan-pan" sau uku, kalmar da ke nuna matsala ta gaggawa wadda ba ta kai ta neman ceton rai ba, ya faɗi gaskiya: matuƙin ido ne, hazo ya rufe masa gaba, jirgi ya ƙwace masa sau ɗaya. Mai kulan ya ba shi lamba huɗu ya saka a na'urar da ke nuna jirgi a rada, ya tambaye shi yawan mai da yawan mutane, ya kuma karanta masa sabon rahoton yankin gida: hange ya sauka zuwa kilomita 4, zafi digiri 4, ma'aunin raɓa digiri 2. Ya ba shi shawarar wani babban fili mai nisan kilomita 45 arewa maso gabas, mai dogon titi da fitilu, lambarsa 05, wato rana za ta kasance a bayansa har ya taɓa ƙasa. Ya amince nan take. Mai kulan ya riƙa ba shi juyi kaɗan-kaɗan, umarni ɗaya a lokaci ɗaya, ya sa aka ƙure hasken fitilun titin.

Saura tarko ɗaya. Hazo kan sa titi ya yi kamar ya fi nisa, matuƙi ya gangaro ƙasa fiye da kima. A gefen titin akwai fitilu huɗu da ake kira PAPI: biyu fari biyu ja na nufin ana kan daidai. Da ya hango su, uku ja ne ɗaya fari, ko da yake idonsa na ce masa yana sama sosai. Wannan karon bai yi gardama ba, ya ƙara totur har suka koma biyu da biyu. Sun sauka da 4:34. Kafin 5:30 hazo mai danshi ya rufe yankin filin gida, hange ya faɗi ƙasa da kilomita 1. Suka kwana a can, washegari da rana wani malamin kulob ya zo suka dawo da jirgin tare.

Bayan nan

Babu wanda ya hukunta shi. Ya rubuta rahoto ga kulob, suka zauna da malamin suka bi layin GPS daƙiƙa bayan daƙiƙa. A cikin wata biyu ya yi awa 6 yana tuƙi da na'urori, sanye da hular da ke tsare ganin waje, malami na gefensa, har da gwajin rufe ido a karkatar da jirgi a ce ya gyara. Ya kuma rubuta wa kansa iyaka: ba zai tashi da fasinja ba idan hange bai kai kilomita 10 ba, zai sauka aƙalla awa ɗaya da rabi kafin faɗuwar rana a hunturu, kuma zai shirya lambobin rediyo tun yana ƙasa.

Hukunci

Tashin safe ba laifi ba ne, jiran narkewar ƙanƙara kuma daidai ne. Inda lamarin ya karkace shi ne 3:25. Shirin farko an gina shi ne a kan dawowa da 2:00, rana na sama. Da lokaci ya zame da kusan awa ɗaya da rabi, tafiyar ta zama wata daban, amma ya auna ta da tambayar safe, wato ko lambar ta haura 5. Lambar ƙa'ida iyakar doka ce ga kowa, ba ta san awoyin mutum ba, ba ta san inda hancinsa zai fuskanta ba. Kusurwar rana, alkiblar titin gida, tafkin da ke kan hanya, da tazarar digiri 4 kacal tsakanin zafi da ma'aunin raɓa ana dab da magariba, duk suna gabansa tun bai kunna inji ba.

Hawa sama shawara ce mai kyau da aka bari ta lalace. Minti ashirin na natsuwa, da mai na awa biyu da rabi, sun isa ya kira rediyo, ya ji rahoto, ya zaɓi filin da zai sa rana a bayansa. Abin da ya hana shi, kamar yadda ya faɗa wa malamin, shi ne kunyar a ji muryarsa yana neman taimako a ranar da babu ko gajimare ɗaya. Wannan kunya tana damuna ƙwarai, domin masu kula da zirga-zirga aikinsu ke nan, kuma sun fi son kiran da ya zo da wuri.

Ba zan ce ƙwarewa ce ta fitar da shi daga kan tafkin ba. Tsayin ƙafa 4,000 ne ya ba shi sararin yin kuskuren jan sitiyari ya kuma gyara, kunnen ƙaninsa ne ya fara jin canjin, kuma juyin da ya kawar da rana daga gabansa ba shi ya tsara shi ba. Da abin ya same shi a ƙafa 1,000 yana shirin sauka a titi 23, ƙafa 600 ɗin da ya rasa sun kusa cinye abin da ke tsakaninsa da ƙasa. Abin da za a yaba masa shi ne daƙiƙun da ya gaskata na'ura ya ƙaryata jikinsa, da yadda ya haƙura da gida ba tare da ja-in-ja ba. Na farkon ya samo shi ne daga horon 'yan awoyi da ya kwana shekara shida ba a taɓa shi ba, kuma a ganina kulob ɗin da ke ba da hayar jirgi a hunturu yana da haƙƙin sa membobinsa su sabunta wannan horo da malami kowace shekara kafin sanyi ya shigo.